Gansakukar da Inna Ta Nema

Matso kusa ka ji abin da har yau bai daina ci mini rai ba.

A unguwar Hausawa ta Inugu na yi zaman aure, shekarun da Turawa ke ɗaure kayansu za su tafi. Maigidana fataucin shanu yake yi, yau Anacha, jibi Fatakwal. Ni kuwa tsakar gida ce duniyata, ni da mahaifiyata, Inna, wadda ta dawo wurina da tsufa ya kama ta. Ciwon ƙirji ne da ita. Damina na sauka, numfashinta sai ka ce zugazugin maƙeri.

Wata tsohuwa Ibo ce ke kawo mana itacen girki a ka. A ɓawon wani reshe Inna ta fara ganin abin. Gansakuka ce, amma ba irin mai manne wa bango kamar ƙazuwa ba. Wannan ganye take yi, faffaɗa, bakinsa a ɗage kamar kunnen akuya, samansa duk ramuka. In ta bushe toka-toka ce, kana taɓawa ta karye. Ka yayyafa mata ruwa, nan take ta yi kore shar, ta yi laushi. Ka juya cikinta, ruwan ƙasa ne da ɗigon fari. Inna ta ce kakarta, can kurmin kudancin Zariya, irinta take jiƙa wa masu ciwon ƙirji. Ni ban ce magani ce ba. Na dai san in na jiƙa wa Inna ta sha ruwan, tana samun barci.

Ƙafata ba ta taɓa taka dajin ba, amma kunnena ya je. Tsohuwar ta sha kwatanta mini, da guntuwar Hausarta da nunin hannu: bayan tudun kwal, ka gangara wajen rafi, inda rana ba ta kai wa ƙasa. A manyan itatuwan da suka girmi kakanta take fitowa, gefen da ke kallon ruwa. Ƙananan itatuwa ba ta hawansu.

Sai tsohuwar ta daina zuwa, wai 'ya'yanta sun mai da ita ƙauye. Na zayyana wa maigida wurin tiryan-tiryan. Ya bushe da dariya.

"Ke da ko bakin titi sai an raka ki, yau ke ce mai kwatancen daji? Gansakuka ai gansakuka ce. Ga ta can fal a mangwaron bayan masallaci."

"Malam, wallahi ba ita ba ce."

"Mu da muka tashi a Kano, duk koren jikin itace ɗaya ne. Jiƙa mata, kada ki ce komai."

Ya kankaro ta cike da hula. Idon Inna ya riga ya yi hazo, amma ta ce a miƙo mata. Ta tsoma yatsa a ruwa, ta murza, abin ya zama gari a hannunta. Da yake suruki ne, ba ta ce masa komai ba sai, "Sannu da wahala, Allah ya yi albarka." Yana fita ta ce da ni, "Zubar, 'yar nan."

Na roƙe shi ya je. Ya ce bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, ya ce bari shanun nan su fita. Inna tana ta tari a ɗaki, shi yana ta bari.

Ranar da ya ga dama ya je, ya dawo ya zauna bakin rijiya, ya ƙi kallona.

"Na ga rafin. Kwatancenki bai kauce ba. Amma kututture ne kawai. An sare itatuwan, an kai ramin haƙar kwal ana tokare rufi. Da sauran ganye ɗanye a ƙasa."

Ɗanye! Wato kwanan nan.

Ya zaro wani ɓawo daga aljihu, da gansakukar a jiki, rana ta ƙone ta. Na zuba mata ruwa, na sake zubawa. Ba ta yi kore ba.

Inna ba ta ga ƙarshen damina ta gaba ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, ba sai ka gaya mini ba. Amma da ya je da wuri, da ta tafi da barcinta.

Har yau duk itacen da ya shigo gidana sai na jujjuya shi kafin ya shiga murhu, jikokina na ta yi mini tsiya. Kai da kake yawon dazuzzuka, don Allah, ka taɓa ganinta?