Kibau a Ƙofar Maƙera

Jajibirin Babbar Sallah ne, shekarar da nake aji biyar a firamare. Na fito da tsintsiya da sanyin safiya zan share ƙofar maƙerar Baba a Karare, ƙasa duk danshin ruwan jiya, ragon layyarmu yana ta kuka a turke. Ina sunkuyawa sai na ga kibau a soke a ƙasa, daidai bakin ƙofa. Na yar da tsintsiya na kurma ihun da ya fito da unguwa kaf.

Ba laifina ba ne. A daminar nan tsoro muke ci, tsoro muke sha. Mun daina gaɗa a dandali, noma sai gonakin bakin gari, a makaranta kuwa da an ji ƙarar babura malami ke riga mu tsallake taga. Ana ta faɗin cewa mutanen daji kan aiko da alama kafin su shigo gari. Kafin ka ce kwabo mata sun fara ƙulle kaya a zani, Inna ta goya autanmu tana salati, wasu har sun kwance raguna za su nufi Batsari da ƙafa.

Baba ya iso daga masallaci, ya zare kibiya ɗaya ya juya ta a hannu. Nan na ga jan zaren da ke ɗaure a gindinta, na gane aikin. Na Kawu Buba ne, wani Bafulatani mai haɗa baka da kibau a rugar da ke bayan ƙauyen Babban Duhu. Tun kafin a haife ni, duk jajibiri yakan zo da kibau na kyauro, masu jan zare, marasa dafi, ya ba Baba barka da Sallah. Baba kuma ya ba shi sabuwar wuƙar yanka da ya ƙera da hannunsa. Ni ke jan zugazugi idan ana ƙera ta, ni ke kawo musu fura. Su zauna suna tsiya, Kawu ya ce wuƙar bara ko man shanu ba ta yankawa, Baba ya ce kibiyarsa ko kaza ta raina ta. Da zamani ya lalace, Bafulatani ya daina iya shiga kasuwarmu da rana, sai ƙafar Kawu ta ɗauke. Ashe bana kasa haƙuri ya yi, ya lallaɓo ya ajiye ya koma.

Na kalli Baba, shi ma ya kalle ni. Idan ya yi shiru, gari zai watse ranar Sallah, tsofaffi da masu ciki a kan hanya. Idan ya faɗa, ya zama mai aboki a daji, kuma ko ni yarinya na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ga maƙwabcinmu Sale tsaye da bindigar toka, wanda aka kashe wa ƙane a gona. Na riƙe gefen rigar Baba, a raina ina roƙon Allah ya ɗaure masa baki.

"Ku kwance kayanku," in ji Baba. "Barka da Sallah ce. Buba ya kawo mani."

"Wane Buba?" Sale ya tambaya. "Yanzu kai har yau kana hulɗa da su, Maƙeri? Mi kake ba shi?"

"Wuƙar layya nake ba shi, kowa ya sani. Duba bakin kibiyar ga, in ka ga dafi ka soka mani."

Sale ya daɗe yana duba ta, ni kuwa fitsari ya riga ya jiƙa mini zani. Daga ƙarshe ya jefar da ita a ƙafar Baba ya juya. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya taɓa Baba. Amma ranar, da a da layin masu wasa wuƙa kan kai har bakin masallaci, ko mutum ɗaya bai leƙo maƙera ba. Washegari naman da Inna ta aike ni da shi gidan su Sale, a kwanon aka maido mini.

Baba ya riga ya ƙera wuƙar Kawu, ya ce kyauta ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. Bayan saukowa daga Idi ya naɗe ta a tsumma, ya kai ta kogon tsamiyar bakin hanya inda suka saba rabuwa. Inna ta yi kuka ta ce kowa ke bin hanyar nan, bai saurare ta ba. Da ya koma dubawa, babu ita.

Yanzu ina aure a Katsina, wuƙar layyarmu ta kanti ce mai ƙotar roba. Baba ya tsufa, maƙwabta sun dawo masa da gaisuwa, amma jan zare bai sake zuwa ƙofarmu ba, ba mu kuma ji ko Kawu Buba yana raye ba. Duk jajibiri nakan yi kewar tsiyar nan tasu. Har yau ban san hannun da ya ɗauki wuƙar nan ba, ina dai fatan rago aka yanka da ita.