Mai Tumbi a Ƙunshin Gyaɗa

A shekarun alif ɗari tara da sittin gyaɗa nake soyawa ina sayarwa a bakin wani lungu a unguwar Tandabawi ta Makka, kuma kullum takardar ƙunshi ce matsalata. Mu Hausawa ba ma tsallake takarda a ƙasa, sai mun ɗaga mun duba ko da sunan Allah. In akwai, a soke ta a bango. In babu, ta zama tawa.

Haka na fara tsintar wasu takardu a bayan shagon wani tsoho mai sassaƙa hatimi, Musulmin Rasha da ya gudo Makka tun yana saurayi. Ba rubutu a jikinsu, sai zane baƙi ƙirin: wani mai tumbi, ƙirji duk lambobin yabo, ya hau wuyan wani ramamme yana ba shi abinci da cokali, cokalin kuwa wayam. Can a kusurwa ga ɗan tsuntsu bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Abin da ya ɗaure mini kai, duk iri ɗaya ne, har ɗigon da ke hancin mai tumbin. Wane irin hannu ne ba ya kuskure?

Na yi ta ƙunsa gyaɗata, ciniki ya buɗe. Wani ɗan dako Basakkwace ya rantse hakimin garinsu ne. Wata 'yar Damagaram ta ce ƙarya yake, mai karɓar harajinsu ne, ta san tumbin. Masu cewa hoto haram ne ma sai sun ƙare masa kallo suke faɗa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Na ɗauki ƙunshi ɗaya na kai wa tsohon, na ce, "Ya ammi, baffana, yaya kake yin wannan?"

Ya warware ƙunshin ya ga zanen. Ya ja ni ciki, ya nuna mini guntun ledar tsakar ɗaki mai kauri da aka sassaƙe. A shafa tawada, a ɗora takarda, a murza da bayan cokali, shi ke nan sirrin. Da gurgun Larabcinsa da nawa muka fahimci juna. Ƙanensa ne ya sassaƙa, can Rasha, inda shi da abokansa suka ƙi zana abin da gwamnati ke so, suna yanko ledar kicin suna yi wa manya shaguɓe a ɓoye. Wani alhaji ya ɓoyo masa ita a takalmi. Tsuntsun shi ne alamar ƙanen, hukuma ta san shi. Ga Hajji ya ƙarato, kuma alhazan Rasha ba sa zuwa sai da ɗan sa-ido na gwamnati. In ɗan sa-idon ya sayi gyaɗata sau ɗaya ya ga tsuntsun, ƙanen ya tafi kurkuku.

Nan take na fita. Na bi masu sayena ɗaya bayan ɗaya ina karɓowa. Ɗan dakon nan kaɗai ya ƙi. Ya manna tasa a ɗakinsa a unguwar Nakkasa, ya ce tun da hakimi ya ƙwace gonarsa bai taɓa yi masa dariya ba sai yanzu. Da ƙyar ya bari na yage kusurwar da tsuntsun yake.

Da na ba tsohon labarin ɗan dakon, sai ya ce masu kallon aikin ƙanensa ba su taɓa cika ɗaki ba. Tsuntsun kuma shi tsohon ne ya koya wa ƙanen zanawa suna yara, da shi ya gane ƙanen yana raye bai manta shi ba, don ko wasiƙa ba ta zo da ledar ba.

Sai ya ɗauki wuƙarsa ya kankare tsuntsun daga jikin ledar. Bai fita ɗungurungum ba, ya marmashe. Ya tattara garin a tafin hannunsa, ni kuma tausayinsa ya hana ni kallo.

"Gobe ki zo ki karɓi takarda, ya hajja," in ji shi.

Na yi ta karɓa har bayan Hajji. Kowacce zai miƙo mini, sai ya fara shafa farar kusurwar da babban yatsansa.