Rigar Jarumta ta Hambali Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Hambali Tela da ke kan hanyar asibiti a Birnin Kudu ya san sai ya je da haƙuri. Ɗinkinsa ba laifi, amma kafin ya gama auna ka, sai ka ji ra'ayinsa a kan littattafan labaran zane, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Abin ya samo asali tun yana ƙarami. Wata rana aka naɗe masa ƙosai a takarda mai zanen wani ƙato yana dukan jirgin ƙasa. Ya cinye ƙosan, ya goge man, ya zauna yana kallo. Daga ranar kullum yana wurin mai ƙosan, har takardunta suka ƙare, bai taɓa sanin yadda ƙaton ya ƙare da jirgin ba. Da ya girma ya samu waya, sai ya faɗa wa na Japan, waɗanda ake kira manga, ya kuma yanke hukunci cewa su ne na ƙwarai.

"Daga dama suke farawa, kamar ajami," in ji shi. "Ka ga mutanen da suka samu tarbiyya."

Abokin musunsa shi ne Timothy, mai kemis ɗin da ke jikin shagonsa, wanda shi kuma na Amurka ne a ransa. Kullum da la'asar sai sun tayar.

"Malam Hambali, naka fa ko launi babu, ga idanu kamar faranti!"

"Kai kuma naka jarumin, wane tela ne ya yi masa wannan aika-aika? Wando ya ɗame shi, ga kamfai a kan wando, ko aljihu babu. Mutum zai ceci duniya, ina zai sa makullin gidansa?"

Rannan Timothy ya nuna masa bidiyon wani taro da aka yi a Legas, inda masoya labaran zane suka cika zaure, kowa da shigar jaruminsa. Hambali ya kalla, ya ce ɗinkin duk na gaggawa ne, amma taron ya yi. Kafin magariba ya ƙudurta cewa su ma za su yi nasu. Yayan matarsa, Malam Sada, yana da gidan kallon ƙwallo a Gwaram, kuma da hantsi ba kowa a ciki. Can za a yi.

Ya ajiye ɗinkin mutane, ya kama na jarumta. Ya yi wa Timothy shuɗiyar riga da jar alkyabba, ya sa masa aljihu har a gwiwa don ya koya wa Amurkawa aiki. Nasa kuwa na mayaƙin Japan ne, da ledar kujerar mota ya yi shi, baƙi wuluk, da kafaɗu kamar fukafukan jimina, da zif tun daga ƙeya har ƙugu. Matarsa Murja ta dube shi ya fito a ciki, ta ce, "Malam, don Allah in kun isa kada ka ce ni ƙanwar Sada ce."

A kan babur ɗin Timothy suka tafi. Tun daga tasha yara suke bin su da ihu, wata tsohuwa mai tallar gyaɗa kuwa ta yi salati ta koma gida. Da suka isa Gwaram suka tarar gidan kallon ya cika maƙil, Hambali ya ji daɗi har ya rungume Timothy. Ashe Malam Sada cewa ya yi da mutane za a yi karawa tsakanin Japan da Amurka, kowa ya ɗauka ƙwallo ce.

Hambali bai karaya ba. Ya hau benci ya fara bayani a kan yadda jarumin manga yake shan wahala kafin ya yi ƙarfi, ba kamar na su Timothy da ake haifa da ƙarfinsa ba. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "To yaushe za ku fara damben?" Jama'a suka ɗauki tafi, suka ja benci baya, suka buɗe fili.

Damben bai yiwu ba, domin rufin kwano ne, rana ta take, ga leda. Gumi ya cika rigar Hambali har yana jin motsinsa a takalmi. Ya kai hannu zai zuge zif, zif ya ƙi. Timothy ya ja, Malam Sada ya ja, ya ƙi. Ganin idonsa ya fara juyawa, aka kwantar da shi rub da ciki, aka aro almakashi wurin wani tela na maƙwabta. Telan ya zo da kansa, yana yankawa yana tambaya, "Wai wa ya ɗinka wannan abu haka?"

Hambali, fuska a ƙasa, ya ce, "Daga Legas aka kawo."

Timothy ya zaro ƙullin gishiri da sukari daga aljihun gwiwarsa, ya jiƙa wa Hambali ya sha. A hanyar dawowa, da suka hango Birnin Kudu, Timothy ya ce, "Aljihun nan fa ya yi amfani." Hambali ya ce ya yi masa shiru.

Rigar ta daɗe a rataye a shago, bayanta a tsage, har wani manomi daga Kangire, Malam Yunusa, ya gan ta ya roƙa. Tsuntsaye sun dame shi a gonar gero, yana neman abin da zai sa wa mutum-mutumi. Da farko Hambali ya ji haushi, amma Murja ta naɗe ta ta miƙa wa Malam Yunusa tun kafin mijinta ya buɗe baki.

Bayan kaka Malam Yunusa ya dawo da damin gero, ya ce ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, har maƙwabcinsa ya daina bi ta gonar. Ya kawo wasu manoma su ma suna so. Yanzu duk damina Hambali yana ɗinka irinta, kuma ba ya sallama sai ya hau babur ya je gonar da kansa, ya gyara wa mutum-mutumin tsayuwa, hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙugu, domin a cewarsa manoma ba su san yadda jarumi yake tsayawa ba.