Jan Rini a Tsohon Gilashi

A asibitin ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Jan Yatsa kowa yake cewa, don jan rinin ɗakin gwaji ya kama yatsunta tun tana budurwa, ga shi har ta yi jikoki sabulu bai fitar da shi ba.

Aikinta duba kakin masu tari. Tsohon da ya koya mata ya ce masu binciken farko sun sha wuya da ƙwayar tarin fuka, don rini ba ya kama ta, sai da suka gano a zuba ja a ɗumama a kan wuta. In ta sha ja kuwa, ko asid ba ya wanke ta. Daga nan a bi da shuɗi, a leƙa madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin cuta. In komai shuɗi ne, alhamdu lillahi. In an ga 'yan jajayen sanduna, an kamu.

Dokarta ɗaya ce, kuma ta sha faɗa a kanta: ba a shafa kaki a tsohon gilashi, don ƙarzuwarsa na riƙe ja ta yi kama da cuta. Duk wanda ta kama ya yi haka, ranar sai ya gwammace bai zo aiki ba.

Sai maigidanta, tela ne, ya fara tari. Ya ce ƙurar yadi ce. Amma ta ga wandonsa na zamewa, ga jikarsu kullum tana kan cinyarsa yana taka keken ɗinki. Tsoro ya kama ta.

"Maigida, tofa mini a nan," ta ce, ta miƙa masa kwalba.

"Yau kuma ni za a rina? Ki yi mini shuɗi, ja ba ya yi mini kyau."

Ba ta yi dariya ba. Da hantsi, abokan aiki sun fita karyawa, ta yi rinin cikin gaggawa don kada a tambaye ta na wane ne. Ta leƙa. Ga su nan, jajaye, sirara.

Ta zaro gilashin, ta ɗaga shi wajen taga. Duk ƙarzuwa! A cikin ruɗewa, daga kwanon wanki ta ɗauko shi. Ita da kanta ta karya dokarta, kuma tun da take ba ta taɓa murna da kuskure haka ba.

"Allah ka sa shirme na yi," take ta faɗi, tana buɗe kwalin sababbin gilasai.

Ta sake shafawa, ta zuba ja, ta ɗumama, ta wanke, ta bi da shuɗi, a tsanake. Ta daɗe tsaye kafin ta iya sa ido. Sabon gilashi ne fes, kuma sandunan suna nan.

Da ta koma gida ta tarar da shi a kan keke, jikar na cinyarsa. Ta buɗe tagogi duka, ta ɗauke yarinyar ta goya.

"Wane launi?" ya tambaya.

"Akwai magani, Maigida. Gobe tare za mu tafi, har da ita."

Ya dubi yatsunta, ya daina taka keken.