Takalmina a Fadar Sarakunan Sin

Sana'ata kayan waya ce: gilashi, batir, caja. Ina saro su daga Guangzhou, in tara a ɗan shagona da ke Sentul a Kuala Lumpur, in tura wa 'yan kasuwa a Kano. Karatun matata ne ya kawo mu Malesiya, lokacin 'yarmu ko makaranta ba ta shiga ba. Uwar ta yi digiri na biyu, ta zarce na uku. Da ta gama, jami'ar da ta turo ta ta ce ta koma bakin aiki. Yarinya za ta bi uwarta, ni kuwa shago ya riƙe ni.

Ni na sa ta makarantar 'yan Sin, don na hango amfanin harshen a kasuwa. Ta kuwa iya shi. Hausa ce take ji ba ta mayarwa. In na ce, "Mamana, kin ci abinci?" sai ta ce da harshen Malesiya, "Dah makan lah, Baba," wato ta ci, idonta na kan waya.

Ana saura kwanaki su tafi, na ɗauki yarinyar muka je sari Guangzhou. Na ce wa uwar tafinta nake buƙata. Gaskiyar magana, yini ɗaya nake so mu yi hira ni da ita kafin a raba mu. Shi ya sa da muka gama da masu kaya na saya mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Beijing, mu ga tsohuwar fadar sarakunansu.

Fadar gari ce guda. Jan bango, rufi ruwan zinariya, tsakar gida bayan tsakar gida. Na ƙwanƙwasa wani ginshiƙi, katako ne na gaske. Amma duk ɗakunan nan babu mai kwana a ciki, sai mu 'yan kallo muna leƙe. Ita tana gaba, na'urar bayani a kunnenta. Duk abin da na faɗa, sai ta gyaɗa kai.

Muka iso wani ɗaki na gefe da ake barin mutane su shiga. Dokin ƙofarsa ya kusa kai min gwiwa. Ban ma yi tunani ba, na tuɓe takalmina na riƙe a hannu. Haka aka tashe mu: ba ka shiga ɗakin babba da takalmi, balle na sarki. Sanyin dutsen ya ratsa safata. Mutane suka fara nuna ni, wata mata har da ɗaukar hoto.

Da Turanci ta ce, "Baba, don Allah mayar da takalminka, kowa na kallonmu."

"To ai fada ce."

"Gidan tarihi ne!"

Na koma na zauna a kan dokin ƙofar ina ɗaure igiya. Ashe wannan ya fi na farkon muni. A wurinsu ƙetare shi ake yi, ko taka shi ba a yi. Mai gadi ya taho yana faɗa yana kaɗa hannu. Ta shiga tsakaninmu, ta yi masa magana da harshensu a natse, har ya sauko ya yi murmushi ya tafi. Daɗi ya kama ni, ban ɓoye ba.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kai baƙo ne, daga nesa ka zo, ba ka san dokar ba."

"Kin gaya masa ni babanki ne?"

"Bai tambaya ba."

Ta mayar da na'urar kunnenta. Muka ƙarasa sauran tsakar gidajen, muka fita ta ƙofar arewa, ina biye da ita.

Ban riƙe ta da laifi ba, ni na zaɓa mata makarantar. Satin da ya biyo baya na kai su filin jirgi, yarinyar ta rungume ni ta wuce. Na dawo Sentul, na tsaya a shagon wani Ba'indiye aka ƙunsa min shinkafa ta mutum ɗaya. Yau shekarunta sun kai na shiga jami'a, tana Zariya, an ce Hausa ta zauna a bakinta sosai. Ni dai har yanzu da Turanci take rubuto min.