Maficin Shinuwa mai ƙonannen baki

Shekarun baya, kafin gwiwa ta fara yi mini gardama, ɗana na fari ya tafi ƙasar Sin, wurin Shinuwa, koyon aikin famfon ruwa. Da ya dawo sai ya miƙo mini wani abu siriri kamar muciyar yara, ya ce tsarabata ce. Ya girgiza hannu, abin ya buɗe. Mafici ne. Haƙarƙarinsa na gora, rigarsa ta siliki, an zana wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe.

Ni kuwa da kaba na girma. Duk Matankari an san saƙar maficina, da ita na aurar da 'ya'ya. Sai na ce masa ya haye teku ya kai wa mai rijiya ruwa a moɗa, na gode. Don in nuna ban ɗauke shi bakin komai ba, washegari na hura gawayi da shi. Tartsatsi ya ci bakinsa. Na ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma har mako guda, kamar yarinyar da ta fasa tulu.

Da na fito da shi sai na zauna na yi masa kallon mai sana'a. Na shafa goran, babu tsini ko ɗaya. Na duba ƙusar da ta riƙe gindinsa, an danne ta ciki da waje. Na buɗe na rufe har hannuna ya gaji, bai yi sako-sako ba. A raina na ce, wanda ya yi wannan ɗan'uwana ne, ko da ban san sunan uwarsa ba.

Ina da aminiya a Tibiri, tare muka yi tallan fura muna 'yammata. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Na je duba ta cikin bazara, na iske ta kwance, zufa na bin wuyanta, ga maficin kaba a gefe amma hannun hagu bai iya jure nauyinsa. Ita kuwa mace ce da ta gwammace ta narke da ta ce a zo a yi mata fifita. Na sa mata nawa na siliki a hannu. Ta kaɗa shi da yatsu uku, iska ta taɓa fuskarta, ta lumshe ido. Nan na yi mata alkawarin irinsa, sabo, kafin damina.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi. Aka nuna mini shagon wani saurayi mai gemu da ɗangalallen wando, yaro mai ladabi, ya ba ni kujera ya ba ni ruwa. Ya zube mini mafitai ja da kore da ruwan gwal, ya ce duka orijinal ne, kai tsaye daga Sin.

Na ɗauki ɗaya na ɗan cije haƙarƙarin. Roba ce aka yi wa fentin gora. Na ɗauki na biyu na jiƙa yatsa na murza rigar, launin ya biyo ni. Na uku na saye shi, don kada a ce na yi ɓarna a kayan mutane, na tsaya a gabansa ina buɗewa ina rufewa. Ban kai goma ba ƙusar ta yi tsalle ta faɗa cikin buhun gishirin maƙwabcinsa.

Mutane suka fara taruwa. Yaron ya ji kunya, sai ya ɗauko kwalin ya nuna mini rubutun jikinsa.

"Inna, da kin yi lakkwal, kin san boko, da ba mu tsaya jayayya ba. Ga shaida nan a rubuce."

Na ce, "Gaskiyarka ɗana, ban yi ba. Kai da ka yi, karanta mini."

Ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa. Rubutun Shinuwa ne, kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya miƙa wa wani malami mai tabarau da ke koyarwa a kwaleji, irin waɗanda muke kira mushe, shi ma ya gyara tabarau ya mayar. Na ce to, yau duk kasuwar nan ajinmu ɗaya, sai dai ni hannuna ya yi karatun da naku bai yi ba. Aka yi ta dariya, har mai shagon.

Kasuwa uku na zo, ban samu na kirki ba. Matar ɗana ta ce in kai wa aminiyar tawa na roba mana, ai mai jinya ba za ta bambance ba. Na ce ita ba ta san aminiyata ba, kuma ba ta san ni ba. Matar da muka ci gari a ƙwarya ɗaya ba zan sa mata ƙarya a hannun da ya rage mata ba.

Na naɗe nawa a gefen zane na koma Tibiri. Ta ga ƙonannen bakin ta gane shi, ta ce ai sabo na yi mata alkawari. Na ce sabbin duk maƙaryata ne, ta riƙe tsoho. Ɗana ya yi fushi da na kyautar da tsarabarsa, na ce tun ranar da ya miƙo mini ya zama nawa.

Bazara biyu ta yi tana fifita kanta, ba ta roƙi kowa ba. Da Allah ya karɓi abinsa, ɗiyarta ta kawo mini maficin har gida.

Har yau in an nuna mini takarda a kan kaya, sai in ce a ajiye takardar a ba ni kayan. Maficin yana nan a ƙarƙashin matashina. Silikin ya koɗe inda yatsunta uku suke kamawa, amma ƙusar ba ta motsa ba.