Mayafin Buddha Mara Kai

A bayan garin Ayuttaya, inda gonakin shinkafa suka cinye rabin wani tsohon haikali, wata tsohuwa tana ɗaura wa mutum-mutumin Buddha mayafi ruwan ɗorawa. Ɓarayi sun daɗe da yin gaba da kansa. Gajeruwa ce, sai da ta taka kifaffen bokiti ta kai kafaɗarsa. Yadda take ƙulli, da gani ta raini 'ya'ya da yawa.

Mai gadi ya matso, hularsa a hannu. "Kaka, hukuma ta hana. Kayan tarihi ne, kuma baƙi sun fi son hoton tubali tsirara."

Ba ta ko waiwaya ba. "Kai ba jikan Lamyai mai taliya ba ne? Ranar da aka sare wa Buddhan nan kai, ina hukumar taka take?"

"Za a cire fa, Kaka."

"A cire. Yadi bai ƙare a kasuwa ba, ni ma ban ƙare ba." Ta miƙa masa gefen mayafin. "Riƙe nan, ka fi ni tsawo."

Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya tuɓe takalmansa.